Rabin Fuskar Nana Khadija

Guangzhou, ƙasar Sin

Zuwa ga ƙanena Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da kowa na gida. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙin ƙafarta. Ni ma lafiya, sai gajiya da zafin garin nan mai jiƙa riga kafin mutum ya kai bakin titi.

Shehu ɗan kasuwar nan mai zuwa sarin kaya ya iso, ya kuma isar da saƙonka a gaban jama'a bayan sallar Juma'a: wai modem ɗin da na aiko wa shagonka na intanet jabu ne, layi sai yankewa, mutane sun koma wani shagon. Har Hajiya ka gaya wa. Sharfaddeen, wa ya nace sai ƙananan nan da ake cusawa cikin kwamfuta, don an rubuta gudu a kwalinsu? Ban ce kai ka ɓata layin unguwarmu ba. Ɗan Sin ɗin ma bai cuce mu ba, a shagonsa lafiya lau suke aiki, don layinsu shiru yake. Namu kuwa ɗaga kan waya ka saurara, kamar ana suyar ƙosai a ciki, balle an yi ruwa.

Da na nemi mai jure layi marar kyau, mai shagon dariya ya yi ya ce meyo, wato babu, wai wa ke sayen kaya don lalataccen layi. Sai na kwaso iri-iri zuwa masaukina, na jona su da tsohuwar waya mai tsatsa, na yayyafa mata ruwa har ta fara ƙara irin ta gida. Duk suka saki layi sai guda: ƙato, baƙi, mummuna, mai zama a waje da wayar wutarsa. In ƙara ta taso sai ya rage gudu ya ci gaba. Shi na ba Shehu. Kar ka raina shi, kar ka matsa masa sauri, kuma ka cire doguwar wayar nan da ka ɗaure da salatif.

Ba don shagonka kaɗai na sha wahalar nan ba. Hoton Nana Khadija da ka turo rabi ya zo: hula, goshi, ido, ƙasan duk toka-toka. 'Yar da aka haifa bayan tahowata, ban san bakinta ba. Kar ka ce in jira Shehu ya dawo baje kolin Pazhou na nan garin da hoto a hannu, kafin nan ta canza kama.

Ka gaida Hajiya, ka gaya mata ba jabu na aiko ba. Ka gaida matata Saffana da Kawu Ƙasimu. Ranar da ka jona shi, kafin kowa ya zauna a kujerar nan, ka turo mini sauran fuskar 'yata.

Naka yayanka,
Mas'udu