Idan Inna ta kira ki Yaya, ki amsa

Auta,

Ki karanta wannan kafin ki shiga ɗakin Inna. In aka maimaita abin jiya, yau ma ba za ta ci komai ba, kuma jikin ba sauran ƙarfi.

Bayan kin tafi makaranta ta farka tana neman Yayarta. Na ce ta fita ne. Sai ta ce, "Kai ma ƙarya za ka min? Yarinyar nan ta ce shekara ashirin da rasuwarta. Ashe ba wanda ya gaya min, ko wanka ban yi mata ba?" Ta yi ta kuka kamar yau aka yi rasuwar. Ni da ta haifa, hannunta kawai na riƙe.

Ba faɗa nake miki ba, gaskiya kika gaya mata. Amma in ta sake ɗaukar ki Yayarta, ki amsa. Ki zauna a bakin gado, ki taje mata kai a hankali, haka marigayiyar take mata suna yara. Duk labarinsu da ta ba ki, ki riƙe, bayan ita ba mai sanin sa.

Na tafi tasha taryen Baffanki, likita ya ce a kira na nesa. Ya ce motarsu ta lalace a hanya, tun daga nan wayarsa ba ta shiga. Ban sani ba ko zai same ta tana gane mutane.

Babanki