Cikin Nan Ba Zai Jira Baɗi Ba

Sakkwato, Satumba 1960

Zuwa ga maigidana, sanyin idona, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan randata mai daɗin sha!

Bayan gaisuwa wadda ta fi shinkafar fadamar Kwalkwalawa yawa. Yayanka Bawa ya dawo daga Kaduna, ya ce ba ka ci jarrabawar akawu ba, wai kunya ba za ta bar ka ka tako gida ba sai ka sake rubuta ta baɗi. Baɗi, Malam? Cikin nan nawa zai jira baɗi?

Ka tuna daminar bara a gindin dogonyaron gidanmu? Ka ɗauko allonka na ƙuruciya da tawada, kana rubuta 'yan ƙananan kalmomin nan na Turanci da kake kira 'yan rakiya. Ka ce kowane suna da nasa, kalmar dalili ma akwai wanda ke binta, in aka sa wani magana ta lalace. Kana rera su kana rangaji kamar mai tilawa, ni ina kaɗi, littafin labarina a cinya na kasa wuce shafi saboda kallonka. Da Inna ta ga wahalar ta yi yawa, sai ta wanke allon a ƙwarya ta miƙo maka, ta ce, tun da sun ƙi shiga ta kai, su shiga ta ciki. Ka shanye don kada ranta ya ɓaci. Wayyo dariya! Mun ɓuya bayan zana har hawaye, leɓenka baƙi ƙirin.

Bawa ya ce 'yan rakiyar nan ne suka kayar da kai. To sun fi ni nauyi ne a zuciyarka? A littattafan da nake karantawa jarumi ba ya komawa gida sai da nasara, da can ina son haka. Yanzu na tsani wannan shafin. Ni mijina nake so, ko da hannu wofi.

Gari ya ɗauki shirin bikin 'yancin kai, yara na koyon maci da tutoci, ni ƙofar zaure kawai nake kallo. Ungozoma ta ce watan gobe ne. Wa zai yi wa ɗanka huɗuba a kunne? Don Allah ka shigo motar da ta fara tasowa. Jarrabawa tana nan baɗi, wannan kukan na farko sau ɗaya ake jinsa.

Taka ce yau, taka ce har ranar da za a kai ni makwancina,
Mariyatu