Rasuwar Malam Maniru Ladan, Wanda Ya Kulle Shafin Fadama

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Editocin Sa-kai ta Kundin Ilimi na Intanet, reshen Bodinga da Shagari, ta samu labarin rasuwar jagoranta kuma mai gudanarwarta, Malam Maniru Ladan Dingyadi, wanda wasu matasa suka tare a hanyar Kajiji ranar Talata da la'asar, suka ture shi daga kan babur, suka rufe shi da dukan gora da saran adda har ya daina motsi, sannan suka farfasa wayarsa da dutse, suka cinna wa babur ɗin wuta. Ya cika a bayan motar albasa da ta ɗauke shi zuwa asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin shi ya buɗe mafi yawan shafukan garuruwanmu a wannan kundi da kowa ke iya gyarawa, kuma shi ya koya mana aikin. Ni da nake rubuta wannan saƙo, ina amarya na je ajinsa, ba da wata manufa ba sai in rubuta tarihin littattafan soyayyar da na tara a ƙarƙashin gado. Ya karanta shafina na farko, wanda na cika da taurari da hawaye, ya yi murmushi ya ce: "Ƙanwata, wa yaf faɗi wanga zance, kuma ina yaf faɗe shi?" Daga ranar na san madogara.

Wajibi ne jama'a su san abin da ya jawo wannan ta'asa. Ƙauyuka biyu maƙwabta sun daɗe suna jayayya a kan wata fadamar albasa, sai rikicin ya hau shafin fadamar: wannan ya rubuta ta kakanninsa ce, wancan ya goge ya sa nasa, har aka kai ga zagin iyaye. Ƙa'idarmu ita ce idan rigima ta yi zafi, mai gudanarwa ya kulle shafi yadda ya same shi, ba ya zaɓen ɓangare, har a kawo hujja a shafin tattaunawa. Haka marigayin ya yi. Kullewar ta zo daidai lokacin da rubutun ɓangare ɗaya ke sama, ɗaya ɓangaren kuwa ya ɗauka hukunci aka yanke, an ba abokan gaba fadama. Ya toshe asusun masu zagi daga ɓangarorin biyu, kuma bai taɓa ɓoye sunansa ba. Zuwa ya yi ya bayyana wa ɓangaren da ya fusata ido da ido, shi ne bai dawo ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mahaifinsa, Shehun malami Alhaji Ladan Mai Allo Dingyadi, da mai ɗakinsa Malama Hafsat, da 'ya'yansa Firdausi da Bilyaminu, da ɗalibansa, da ɗaukacin al'ummar ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari. Allah Ya karɓi shahadarsa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari. Muna kira ga hukuma da ta kamo waɗanda suka zubar da jininsa, muna kuma roƙon matasan Dingyadi da kada su ɗauki fansa a kan kowa.

Tun bayan jana'iza ake turo mana hoton adda ta waya, ana cewa mu buɗe shafin ko mu bi sahun marigayin. Wasu editocinmu sun sauya suna, wasu sun ajiye aikin, ba mu kuma zarge su ba. Maigidana ya roƙe ni in koma ga littattafaina, inda mugu kan ji kunya a shafin ƙarshe. Na shaida masa cewa ƙungiya ta miƙa mini ragamar gudanarwa, sai ya sa mini albarka. Na karɓa. Shafin fadama zai ci gaba da zama a kulle yadda Malam Maniru ya bar shi har sai an kawo hujja, kuma sunana na gaskiya ne a kan makullin.

Sa hannu:
Malama Bahijja Abdulƙadir Bodinga
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Mai Gudanarwa,
Ƙungiyar Editocin Sa-kai, reshen Bodinga da Shagari