Zaren da Na Danne da Haɓata

Da sunan Allah nake farawa, sannan da sallama gare ka, Malam, inuwata a tsakar rana, rijiyar da ban taɓa zura mata guga na fito da laka ba, bangon da na jingina da shi shekara ashirin da shida bai taɓa zame mini ba. Ya sanyin idona, uban 'ya'yana, ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a cikin hular kwanonka, alhali rufi ɗaya ya rufe mu. Ka yi haƙuri. Akwai maganar da ta fi ƙarfin bakina. Sau uku ina buɗe shi a gabanka, sai in ji abin da ya fito shi ne, a ƙaro maka shayi? Alƙalami ba ya jin nauyin idonka, shi ya sa na aiko shi.

Amma bari in fara da yabo, don shi ya fi yawa a cikina.

Wa ya kai ka, Malam? Shekara nawa kana bin gari gari a kan babban babur ɗinka, akwatin duwatsun awo ɗaure a baya, kana gyara wa mutane sikeli, na mahauta da na masu hatsi da na asibiti inda ake ɗora jarirai? Ka zama kamar tauraron da matafiyi ke daidaita hanya da shi: ba ka karkata don wani ya ji daɗi. Kuma duk shekarun nan iska na cin rabonta a jikinka. Ka dawo ido jajir kamar gauta, yatsu sun ƙage ba sa iya riƙe kofi, ga tarin nan da ke fara gaishe ni tun kafin ka yi sallama. Na roƙe ka, na sake roƙonka, ka sa wa babur ɗin abin tare iska. Kullum amsarka ɗaya: namiji da iska ai sun saba. Sai da 'yarmu ta fari ta haihu a can nesa, tafiyar awa biyar, na ce ina son mu je tare, sannan ka shigo da kwalin abin tare iskar a kafaɗa. Don kanka ka ƙi shekara goma, don ni ka yarda a yini ɗaya. Wane irin mutum ne kai?

Ba zan manta safiyar Asabar ɗin nan ba. Ka shimfiɗa tsohon mayafin tebur a ƙofar gida, ka jera notuna a kan faranti, manya gefe, ƙanana gefe, kamar mai shirya ɗalibai sahu. Ka ɗaga dogon gilashin nan, rana ta ratsa shi ta sauka a gemunka, na ga furfurar da nake ƙirgawa a ɓoye ta zama azurfa. Ka ɗaura shi a gaba, ka sa 'yan fukafukai biyu a ƙarƙashin madubai, ka sa marufin hannu a dama da hagu, kowane noti sai ka juya shi ka saurara, kai ka ce magana yake maka. Maƙwabcinmu mai walda ya leƙo ya ce, "Malam, jirgin sama ake haɗawa ne? A ajiye mini kujera." Ko ɗago kai ba ka yi ba ka ce masa, "Ɗaki nake gina wa maman yara, mai taya biyu. Kai kuma kuɗin haya ya fi ƙarfinka." Ina bayan labule, na toshe baki da gefen mayafi, zuciyata kuwa ta cika ta tumbatsa kamar kogi a tsakiyar damina.

Sai ka ce in ba ka zaren saƙa. Na ɗauka maɓalli ne ya cire. Ashe awo za ka yi wa iska! Ka yanka shi guntu guntu, ja da fari, ka ɗaura a gefen gilashi, a hannun rigarka, sannan ka zo ka maƙala guda a kafaɗata ta dama, guda a ta hagu. Ka ce iska ba a ganinta, amma zare zai nuna inda ta bi: in ya kwanta, wurin lafiya, in yana rawa, da sauran aiki. Ka karkata madubai don ka riƙa hango kafaɗuna. Kuma ka faɗi maganar da ta tsaya mini a ƙirji har yau. Ka ce likita ya hana kunnena na hagu shan iska tun ciwon bara, don haka in zaren nan ya yi rawa, ran Alhamis, ranar tafiyarmu, mota zan shiga, kai ka biyo a babur.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Da muka fita gwaji muka hau babbar kwalta ka ƙara wuta, na ga abin da na daɗe ina roƙon Allah. Kafaɗunka suka sauka. Wuyanka ya daina ƙagewa. Ba tari ko ɗaya. Har na ji ta bayanka kana 'yar waƙa ƙasa ƙasa, abin da rabona da ji tun yara suna ƙanana. Gilashin ya ɗauke iskar daga ƙirjinka, ya ɗaga ta sama da kanka. Amma Malam, abin da ya hau ai sai ya sauka. A kaina take sauka, kamar ruwan indararo, tana dukan hular kwanona ta gefen hagu, bum, bum, daidai kunnen. Na duba kafaɗata, jan zaren nan yana rawa kamar wutsiyar ɗan akuya.

Sai na sunkuyar da kai na danne shi da haɓata.

Haka na riƙe shi tun daga gada har gidan mai, wuyana a karkace. Ka duba madubi ka ga zare kwance. Ka taɓa gwiwata sau biyu, yadda muka saba in kana tambayar ko lafiya, ni kuma na matse kugunka sau ɗaya, wato lafiya lau. Da muka sauka ka tambaye ni da baki, na ce ko kaɗan ban ji iska ba. Fuskarka ta washe kamar gari bayan hadari, ka ɗauki ɗan leɓen roban nan da ya zo a kwali, wanda ake ɗorawa a saman gilashi, ka ce ashe ba ma buƙatarsa, ka mayar ka ɗora bisa kabad.

Ƙarya na yi maka, ya hasken ɗakina. Har sau uku a tafiya ɗaya: da haɓa, da hannu, da harshe. Ni da aka zaunar da ni gaban allo tun ina 'yar shekara biyar aka koya mini cewa ba a tauye mudu, ni ce na sa yatsa a sikelin mai gyaran sikeli. Kwana uku ke nan in na tsaya salla zaren nan nake gani a kan darduma. Na gaya wa ƙanwarka, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Haba Yaya, wannan ma ƙarya ce? Ki cusa auduga ki yi shiru, mata nawa suka tsufa a kan irinta." Wataƙila ta fi ni wayo. Amma ni ban iya kwana da abin da ka auna da gaskiya na karkatar da shi ba.

Ka tambaye ni dalili, ga shi. Na farko, na ji tsoron ka ce za ka cire gilashin, don na san ka: gara iska ta cinye ƙirjinka da ta taɓa gefen mayafina. Na biyu shi ya fi nauyi, kuma shi ya fi ba ni kunya. Ba na son motar nan, Malam. Ba don matsi ba, ba don zafi ba. Shekara ashirin ina tsaye a ƙofa ina kallon bayanka yana ƙanƙancewa a kan titi, goyo a baya, wani riƙe da zane. Sai da auta ya tafi makaranta ka ce, hau mu je. Ranar na gane ashe bayan nan da nake kallo yana tafiya wuri ne da ake zama. A nan nake biya karatuna ba mai katse ni. A nan nake jin numfashinka yana shiga yana fita kamar igiyar ruwa a bakin tafki. Ta saman kafaɗarka ta dama na fara ganin duwatsu da gonaki da garken shanu suna tsallaka rafi. A mota wa zai taɓa gwiwata in mun zo gada don kada in rasa ganin ruwa? Wa zai rage gudu don na ce bishiyar can ta yi kyau? In isa wurin jikata ni kaɗai da jaka a hannu, kai ka iso daga baya kamar baƙo? Taku biyu ne faɗin kujerar nan, amma ban taɓa mallakar fili mai girmanta ba.

Ga roƙona, ya ma'abocin haƙuri. Kada ka taɓa gilashin nan da niyyar cirewa. Tarinka ya tafi, kada ka kira shi ya dawo saboda ni. Ni ba bakanikiya ba ce, amma na lura da abu ɗaya: da na sunkuya kamar faɗin yatsu huɗu, shiru na ji, kamar na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ashe kaɗan ya rage iskar ta wuce mu duka biyu. Na sauko da ɗan leɓen roban daga kan kabad, na goge shi, yana nan kusa da akwatin sifanunka. Yau Talata. Ka ɗora shi in ka dawo, gobe da hantsi mu sake hawa, tun daga gada har gidan mai.

Kuma ga alkawarina, Allah ne shaida. In zare ya kwanta, alhamdu lillahi. In ya yi rawa, ran Alhamis da ƙafata zan je tasha, ba za ka ji ƙorafi ba, ba za ka ga hawaye ba, in akwai su ma zan bari sai mota ta tashi. Na fi son in rasa kujerar da in zauna a kanta da ƙarya.

Ka buɗe ninkin takardar nan na ƙasa, za ka ga jan zare guda biyu. Na yanka su dogaye a wannan karo, yadda za ka hango su sarai. Ka ɗaura su da hannunka, ba a kafaɗa ba, a bayan hulata, inda haɓa ba ta kaiwa.

Taka ce ni, a bayanka ko a bayan gilashin mota, yau da gobe da ranar da za a ɗora ayyukanmu a kan ma'aunin da ba mai sa masa yatsa. Ina roƙon Allah Ya sa a can ma in kasance daf da kafaɗarka.

Matarka, mai neman afuwarka,
Maman yara