Jifan da Ka Hana Ɗanka

Zuwa ga Yayana Nomau,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina roƙon Allah ya sa damina ta biyu da ta sauka a kan kabarinka ta same ka cikin ni'ima. Mutanen gida a Tsamaye duk lafiya. Hajo matarka tana nan tana fama da gwiwarta. Ɗanka Sahabi ya cika sha biyar, har ya kere ni tsawo. Ni kuma ina nan Isa, malamin wasanni kamar yadda ka bar ni, ko malamin guje-guje, kamar yadda kake ce mini idan kana son ka ɓata mini rai.

Na rubuto ne saboda na yi maka laifi, kuma tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Na je tasha alhali ba ni da tafiya. Na shiga kasuwa na fito ban sayi ko albasa ba. Na zauna gyaran babur ɗin da babu abin da ya same shi. Gara in gaya maka, ko na samu hankalina ya kwanta.

Makon jiya wani koci, mai horar da 'yan wasa, ya zo daga Sakkwato, Haruna sunansa. Wasu mutane ne suka buɗe makarantar kwana a can, yaro ya yi karatu da safe, da yamma a koya masa wani wasa da ake kira besbol. Na san yanzu ka fara murmushin nan naka. Ƙwallo ce ƙarama mai tauri, ba ta fi goruba girma sosai ba. Wani ya jefo ta da iya ƙarfinsa, wani ya tare ta da gora, wani kuma yana tsugunne a bayan mai gorar da ƙatuwar safar fata a hannun hagu yana cafewa. Abin da suka zo nema shi ne yara masu hannun jifa. An gaya musu cewa a ƙasar Gobir akwai yaran da suka tashi suna korar tsuntsu daga gero da hoge da majajjawa, kuma ba a yi musu ƙarya ba.

Da jin haka babu wanda ya faɗo mini a rai sai Sahabi. Ka san halin da dajinmu yake ciki. Gonarka ta nesa shekara biyu ba wanda ya taka ta, sai ta bayan gari muke lallaɓawa. Makarantarsu yau a buɗe gobe a rufe. Tsararrakinsa biyu da ka sani sun bar gari, ba wanda yake ambaton inda suka nufa sai da raɗa. Yaro mai ƙarfi da ba shi da abin yi, a wannan zamani, tsoro yake ba ni fiye da maras lafiya. Na hau babur na ɗauko shi daga kan rumfar tsaron gero, ko hannu bai wanke ba.

Da kana nan da ka sha dariya ranar awon. Kai da ka yi shekara da shekaru kana zaɓo wa Tsamaye 'yan kokawa, ban taɓa ganin ka riƙe tef ɗin awo ba. Kan zauna gindin tsamiya lokacin ɗaukar amfani, ka ga yadda yaro yake ɗaga dami zuwa bayan jaki, ko yadda yake jan guga, shi ke nan ka gama. Idan na fito da agogona da littafina sai ka ce, "Mamman, kai kana awon ƙafa, ni ina awon yaro." Haushi nake ji a lokacin, don a gaban ɗalibaina kake faɗa.

To, Haruna ya fi ni kayan awo. Ya auna tsawon kowane yaro, ya sa su buɗe hannuwa ya auna daga yatsa zuwa yatsa, ya sa su gudu da tsalle. Sannan ya fito da wata na'ura mai kama da tocila, wadda ake nuna wa ƙwallo ta faɗi ƙarfin tafiyarta. Sai aka rasa mai cafewa, don yaran duk tsoron ƙwallon suke. Ni da son a sani sai na karɓi safar na tsugunna. Ɗalibaina kuwa kamar jira suke, suka yi ta narka mini ita, wasu ma ina jin tsohuwar bulala suke ramawa.

Da aka zo kan Sahabi na gyara tsugunno, na ce a raina yau Haruna zai ga abin da ake kira hannu. Sai yaron nan ya lallaɓo mini ƙwallo kamar yana miƙa wa tsohuwa ƙwai. Na biyu ya jefa can gefe, nesa da ni. Na uku ma haka. Lambarsa ta fito ƙasa da ta kowa, har da wani ɗan ficici da bai kai kafaɗarsa ba. Yara suka yi dariya. Haruna ya rubuta abin da na'urarsa ta faɗa, ya wuce Sabon Birni, ya ce bayan kwana huɗu zai biyo ta Isa, wanda yake son ya sake gwadawa ya zo.

Na ɗauki Sahabi a babur muka kama hanyar Tsamaye. Ina tuƙi ina huci, ina tunanin ko da gangan ya kunyata ni. Da muka isa ko ruwa ban sha ba na bi shi gona, da niyyar in wanke shi tas inda uwarsa ba za ta ji ba. Muna isa tsuntsaye suka sauka can ƙarshen kunya, inda ni da ƙyar nake hango su. Ya duƙa ya ɗauki hoge, bai ma tsaya saiti ba. Na ji ƙarar iska, na ga ƙura ta tashi daidai tsakiyarsu. Na rasa ta inda za ni fara faɗan.

A nan na tuna. Yana da shekara shida, ranar kasuwa, ya jefi akuyar da ta sa baki a tallan Hajo, dutsen ya wuce ya fasa wa wani dattijo mai sayar da igiya goshi. Kai da kanka ka wanke wa dattijon jini da ruwan butarka. Ba ka doki yaron ba, kuma da ka doke shi da ya fi sauƙi. Ka riƙe wuyan hannunsa a gaban mutane ka ce, "Ka jehi tsuntsu, ka jehi biri. Ranad da kaj jehi mutum, ba ni ba kai." Ina tsaye a wurin, na ji da kunnena. Amma na manta, na je na tsugunna a gabansa, ni ƙanin ubansa, na ce ya auna ƙirjina. Kuskuren nawa ne, ba na yaro ba, ba na na'ura ba.

Kwana uku na yi ina zirga-zirga tsakanin Isa da Tsamaye, a hanyar da mai hankali ba ya binta sau biyu a mako. Haruna ya bar mini ƙwallo ɗaya da safar. Na cika buhu da ƙaiƙayi na rataya a jikin bishiyar bedi. Sahabi ya jefa har ɗinkin buhun ya ɓalle. Na koma bayan buhun na laɓe, sai jifan ya yi laushi. Na sa wani abokinsa ya riƙe safar, nan ma haka. Na kira Haruna a waya na roƙe shi ya auna yaron da buhu. Ya ce shi ba zai ƙi ba, amma a Sakkwato babu buhu, kullum mutum ne a tsugunne, kuma wani mutumin yana tsaye da gora dab da inda ƙwallon za ta bi. Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ya faɗa.

Na yi lallashi. Na yi bayanin cewa wasa ne, mai cafewa shi ya yarda a jefo masa. Na kai shi wurin Malam na makarantar allonsu, Malam ya ce babu laifi a ciki. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce to. Muka dawo gindin bedi, ya ɗaga hannu, hannun ya ƙi. Ba taurin kai ba ne, Yaya, na ga yana ƙoƙari har gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Abin da kawai ya iya ce mini shi ne, "Baba, in nid dube ka, shi nika gani." Kai yake nufi. Ka riƙe wuyan hannun nan sau ɗaya, shekara tara ke nan ba ka sake shi ba. Wallahi a ranar na ji haushinka. Na ce ka tafi ka bar ni da ɗaurin da kai kaɗai za ka iya kwancewa.

Jiya da hantsi Haruna ya dawo. Yara huɗu suka zo sake gwaji. Na ga Sahabi a ƙarshen layi yana juya ƙwallo a hannu, na san abin da zai faru, na kuma san cewa idan motar Sakkwato ta tashi babu shi, ba wata motar da za ta sake zuwa. Na ja shi bayan aji. Abin da na yi ke nan da nake son ka sani.

Na ce masa ranar da muka kai ka asibiti, kafin bakinka ya rufe, ka bar mini saƙo. Na ce ka ce hanin da ka yi masa na ƙuruciya ne, duk ranar da ya girma aka nemi hannunsa a hanyar alheri, in gaya masa ka sake shi. Na tsara maganar da irin lafazinka, har da ɗan tarin da kake yi kafin ka faɗi abu mai nauyi. Ka san ba ka faɗi haka ba. Ni ma na sani. Abin da ka ce mini a ranar bai wuce in kula da rumbu kada ruwa ya shiga ba.

Sahabi ya juya ya koma fili. Na sa safar na tsugunna.

Ban ga ƙwallon farko ba, jinta kawai na yi. Ƙarar da ta yi a cikin safar ta sa awakin da ke bakin shinge suka watse. Ta biyu ta zo daidai inda ta farko ta sauka. Ta uku na ji wani abu ya motsa a gindin babban yatsana, har yanzu hannun a kumbure yake kamar an hura shi, mai ɗori ya ce sai na yi haƙurin sati uku. Haruna ya dubi na'urarsa, ya bubbuga ta a tafin hannu, ya sake dubawa. Sannan ya rubuta sunan ɗanka a saman takarda. Gobe da safe za su shiga bas ɗin Sakkwato. Hajo ta yarda, tana can tana daka masa ƙuli-ƙuli tana share ido da bakin zane.

Da abin ya tsaya nan, da na ce ƙarya ce ɗaya, in yi istigfari in wuce. Amma da fili ya watse Sahabi ya zo ya durƙusa yana duba hannuna, yana ba ni haƙuri. Na ce ya tashi, wannan kumburi shi ne abin da ya fi faranta mini rai a shekarar nan. Bai tashi ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, da yab ba ka saƙon, ya kira sunana?"

Ɗan fari ne, Yaya. Kunya ba ta taɓa barin ka kira shi ba. Yaron nan, wancan, kai, da su ya girma. Ban taɓa kawo wa raina cewa yana jira ba. Ga shi a durƙushe, ga hannuna yana zogi, ga bas jibi. Na ce masa ka kira. Na ce sau biyu ma ka kira.

Ya tashi ya zagaya bayan aji, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya wanke fuskarsa a famfo, ya ɗauki safar da ƙwallon ya kai wa Haruna, yana tafiya irin wadda ban taɓa ganin ya yi ba, kai a sama.

To ka ji. Na sa maka magana a baki alhali ba ka da ikon musantawa, na kuma ba ɗanka abin da zai riƙe har tsufansa, kuma ba na gaskiya ba ne. Wani lokaci in ce za ni gaya masa idan ya zo hutu. Wani lokaci in ce idan na gaya masa hannun zai sake ɗaurewa, ya rasa jifan ya kuma rasa sunan. Na san kana son shi, na ga yadda kake tsayawa bakin ƙofa kana bin shi da ido idan ya fita da majajjawa. Wannan kam ban ƙirƙira ba. Amma ba ka faɗa ba, ni na faɗa a madadinka, kuma ban san ko ka yarda ba.

Ka yafe mini, ɗan uwana. Na yi kewarka fiye da yadda na zata, har tsiyar da kake mini nake nema.

Ya Allah, ka gafarta wa Nomau, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Abin da na faɗa da sunansa, ka rubuta shi a kaina ni kaɗai, kada ka tambaye shi. Ka kai Sahabi Sakkwato lafiya, ka tsare shi a hanya, ka sa hannunsa kada ya cuci kowa. Ka kawo wa ƙasarmu zaman lafiya, yaranmu su koma gonakin iyayensu. Idan gaskiya ce mafi alheri gare shi, ka ba ni ƙarfin faɗa masa. Idan shiru ne, ka ba ni ƙarfin ɗaukarsa. Amin.

Ƙaninka da ya yi maka ƙarya sau biyu a rana ɗaya,
Mamman, daga Isa.