Auta a Gaban Likitoci Biyu

Zuwa ga Hajiya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da mai rai yake aika wa wanda ya riga shi, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Maganar Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kin riga ni gane shi. Tun yana ƙarami, a gidanmu na unguwar Mahjar a ƙasar Saudiyya, kike cewa, "Malam, yaron nan a bi shi a hankali." Bayan rasuwarki ya same ni ya faɗa mini da Larabci, domin Hausarsa ba ta ɗaukar magana mai nauyi, cewa shi a ransa mace ne, bai taɓa jin kansa namiji ba. Daga nan ya daina cin abinci, ya bar aikinsa a unguwar masana'antu. Wata rana na tarar ya tara ƙwayoyin ciwon sugana ƙarƙashin matashinsa.

Na kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na farkon ko duban sa bai yi ba. Ni ya yi ta tambaya, kamar na kawo mota gyara. Ya ce lalacewar zamani ce, a aske masa kai, a yi masa aure, shi ke nan. A hanya Auta ya ce, "Baba, har likita ma ƙyamata yake."

A asibiti na biyu wurin jira kashi biyu ne, kin san tsarin garin nan: maza nan, mata can. Auta ya tsaya a tsakani, ya kasa shiga ko ɗaya. Na tsaya tare da shi, da ciwon gwiwata. Likitar, wata dattijuwa 'yar Sudan, ta leƙo ta gan mu. Ba ta tambayi dalili ba. Ta sa aka fito mana da kujeru biyu baranda, kuma tun ranar duk zuwanmu a nan muke tarar da su.

Sannan ta roƙe ni in jira a waje. Raina ya ɓaci, Hajiya. A iya sanina, uba ke magana gaban manya, ɗa ya saurara. Ta bayan ƙofa na ji kukansa, wanda rabona da jin sa tun jana'izarki.

Da ta kira ni, na tambaye ta ko za ta iya canza shi. Ta ce ba ta da maganin haka, kuma ba za ta yaudare ni ba. Yanke hukunci ba aikinta ba ne, aikinta shi ne ya rayu. Ta ce, "Ya baffana, masu halinsa kaɗaici ke kashe su. Kai ne maganin da nake da shi."

Ba zan ɓoye miki ba, har yau ban gama fahimta ba. Ina da tambayoyin da sai a sujada nake yin su. Yayyensa sun ce in kore shi kafin unguwa ta ji. Na ce muddin ina numfashi, gidan nan gidansa ne. Babbansu ya ɗauke ƙafa tun ranar, kuma abin yana ci mini rai.

Jiya da hantsi, Hajiyata, Auta ya tambaye ni ko za mu je ziyara Madina bayan Sallah. Wanda yake shirin bayan Sallah yana da niyyar kaiwa lokacin. Na ce masa in sha Allah za mu je, na shige ɗaki don kada ya ga fuskata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya raya mana Auta, Ya dawo mini da yayansa, Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.

Naki har mu tarar da ku,
Malam