Jannatu, Ga Labarin Shekarar da Aka Haife Ki

Gulma, ƙasar Argungu.

Zuwa ga ɗiyata Jannatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal, ke da maigidanki Abdulmuhaimin, da abin da ke jikinki, Allah ya sauke ki lafiya. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar kawunki Hodi ta yi sauƙi, har yana takawa masallaci da sanda. 'Yar'uwarki Nuriyya ta yaye ɗanta, ya kwana biyu yana rigima ya haƙura. Sai dai daminar bana ta yi nauyi, gulbi ya hau fadama, shinkafar bakin ruwa ta nutse tun ba ta yi ciki ba.

Ranar da kika kira ni kin ce kina son ki taho gida ki haihu a hannuna, tunda ni ce yayar mahaifiyarki kuma ita Allah ya karɓi abarsa. Kin kuma roƙe ni in ba ki labarin shekarar da aka haife ki, don mahaifiyarki Ummu Hani har ta rasu ba ta son a tayar da zancen. Wayar tana yankewa, kunnena kuma ba kamar da ba, shi ya sa na zauna na rubuta, zan aika Argungu a ba direban motar albasa ya kawo miki. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗaure kaya.

Shekarar ta fara mana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Mahaifinki Ja'afar tela ne a bakin kasuwar Argungu, yana da wata rediyo da ya ɗinka wa riga da ragowar shadda, har da aljihun ajiye batir. Lokacin ana yaƙi a ƙasar Larabawa, maza kan taru a rumfarsa bayan la'asar suna saurare suna gardama, kamar su aka aika fagen. Yaran da aka haifa a watannin nan da yawa sunan shugaban Iraƙi aka sa musu, har yanzu kina da tsararraki masu amsa shi. Mu mata ba ruwanmu, muna ta bukukuwa. Amare a kwalekwale ake kawo su daga ƙetare, makaɗa a gaba, mu a baya muna guɗa, kaset na tashi a cinyar wata. Kifi ya yi yawa, na ga giwan ruwa da sai da ƙarti biyu suka rataye shi a sanda. Ni da mahaifiyarki muka yi anko na wata atamfa mai ruwan ganye, tana da ƙaramin cikinki, ba abin da take nema sai hoce da miyar sure, ta ci tana dariya tana cewa wannan ɗa makwaɗaici ne. Mutum ɗaya ne bai saki jiki ba, wani tsoho Malam Riskuwa da ke zama a rumfar. Ranar da aka ce rijiyoyin mai na ci da wuta har hayaƙi ya rufe rana da tsakar rana, sai ya ɗauki buzunsa ya miƙe, ya ce, "Wagga shekara ba ta kwanta min ba." Aka yi masa dariya.

Da damina ta yi tsaka sai aka faɗa a rediyo cewa an cire mu daga Sakkwato, an ba mu jiharmu, Birnin Kebbi ce hedikwata. Jannatu, ban taɓa ganin murna irin wannan ba. Masu babura suna zagaya gari da ganye ɗaure a kai, masu kalangu ba wanda ya gayyace su, tsofaffi na kuka suna rungumar juna. Ba a jima ba ma'aikata suka fara kwararowa daga Sakkwato, katifu ɗaure a saman motoci. Garin Birnin Kebbi bai shirya musu ba. Wasu a zauruka suke kwana, wasu a shaguna, gida ɗaya sai ki ga ya ɗauki mutanen gida huɗu, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya. Mahaifinki ya ce masu ofis ba su rabuwa da manyan riguna, arziki ya zo har ƙofa. Ya ɗora keken ɗinkinsa a mota ya sami rumfa wajen unguwar Badariya a Birnin Kebbi, ya kawo min Ummu Hani nan Gulma cikinta ya tsufa. Yana fita yana waiwaye, ya ce, "Yaya Laure, ga amana nan, in ta motsa ku aiko."

Bayan tafiyarsa aka shiga ruwa ba sassauci. Gulbi ya canza launi ya koma ja, ya haye gonaki, ya shiga rijiyoyin bakin gari. Sai ciwon amai da gudawa ya sauka. Ta farko da na sani maƙwabciyata ce, Balaraba. Tare muka yi surfe da hantsi, tana tsokanar mahaifiyarki cewa tagwaye za ta haifa. Kafin magariba an kai ta. Daga nan gari ya yi tsit. Aka daina jin daka, aka daina gaisawa da hannu, aka daina zaman makoki don babu gidan da ya rage ba makoki. Masu haƙa kabari suka koma nema wa mutane tudu, don ko ina suka sara ruwa ke ɓullowa. Labari ya zo cewa a Birnin Kebbi ma haka ne, musamman gidajen da baƙi suka cunkushe. Ummu Hani ta daina cin hoce. Takan zauna bakin ƙofa riƙe da mararta, duk wanda ya shigo ta dubi bakinsa tun kafin ya yi sallama.

Naƙuda ta kama ta wata Alhamis da safe, muka aika wa Ja'afar, ta wuni ta kwana abu ya ƙi. Ungozomarmu ita ma tana kwance. Ruwa ya yanke hanyar mota, sai wani masunci Maigandi ya yarda ya ɗauke mu a jirginsa zuwa Argungu. Kan gonakin mutane muka bi. Sai kawunan itatuwa, da rumbuna a kife, da awaki kumbure suna juyawa a hankali. Da mahaifiyarki ta miƙa hannu za ta ɗebi ruwa ta shafa a fuska, Maigandi ya daka mata tsawa ya ce kada ta kuskura.

Da muka isa asibiti, mutane ne kwance a tabarmi ƙarƙashin itatuwan dogonyaro, robobin ƙarin ruwa rataye a rassa. Wata ma'aikaciya da idanunta suka yi ja don gajiya ta tare mu tun a ƙofa, ta ce don Allah kada mu shigo da mai ciki nan, mu nemi gida mai tsabta za ta biyo mu. Wata mai banda kifi da ba mu taɓa gani ba ta buɗe mana ɗakinta. Ma'aikaciyar ta cika alkawari. A nan aka haife ki bayan an sauko daga Juma'a, cikin warin hayaƙin kifi, kika tsala kuka har matar gidan ta yi guɗa ta kama bakinta, don a ranakun nan ba a guɗa.

Da la'asar na koma asibitin karɓo wa mahaifiyarki magani. Ina ratsawa tsakanin tabarmi sai na ji an ce, "Yaya Laure." Na juya ban gane shi ba. Idanun sun faɗa, kuncin ya lotsa, sai hular da na sani. Ashe saƙonmu ya isa gare shi, ya taso da safe, ciwon ya kama shi a mota, aka sauke shi nan. Ashe yana kwance lokacin da muka tsaya a ƙofa da matarsa. Na yi kansa, ya ɗaga hannu ya ce in tsaya nesa, zan koma in taɓa jariri. Ya ce, "Mi anka samu?" Na ce mace, lafiya lau, ita da uwarta. Ya rufe ido ya daɗe, na zaci ya tafi. Sai ya ce a sa miki Jannatu, kuma in yi miki huɗuba a madadinsa in ban sami namiji kusa ba. Ya roƙi kada in gaya wa Ummu Hani yana nan, don ya san za ta taso. Na ce ba zan iya ba. Na gaya mata, ta taso, sai da ni da matar gidan muka danne ta. Washegari da hantsi ya cika.

Ranar sunanki ba a yi taro ba. Malam Riskuwa ne ya zo ya raɗa sunan, Maigandi ya kawo kifi, shi ke nan. Bayan ruwa ya janye, da kaka, masu ƙidayar jama'a suka shigo gida-gida. Suka ƙirga ki, suka shafa miki tawada a ɗan yatsa. Mahaifiyarki ta ce su sa Ja'afar, ai bai daɗe da rasuwa ba, shi ma ɗan jihar nan ne, ya yi murnarta fiye da kowa. Mai rubutun ya sunkuyar da kai ya ce wanda suka gani kawai aka ce su rubuta.

To ɗiyata, ga abin da ya sa na faɗa miki duk wannan. Makon jiya an kai mutum uku daga ƙauyen da ke ƙetarenmu, an ce ciwon ciki ne, ba wanda ke son kiran ainihin sunan ciwon. Shekaranjiya an hana ɗiban ruwa a rijiyar bakin kasuwa. Kada ki zo. Na san al'ada ce haihuwar fari a gida, na san za a yi magana, ni zan amsa musu. Ni zan taho gare ki, duk da ban taɓa wuce Kontagora ba. Na shanya kayan yaji da kanwa da gero na kunu, ina jiran hanyar garinmu da ruwa ya ci ta buɗe.

Ki gaishe min da Abdulmuhaimin, ki ce ina godiya da riƙon da yake miki. Ki gaishe da Sauda matar wansa, da Zulkifli da Nana. Kawunki Hodi da Nuriyya suna gaishe ki, su ma bakinsu ɗaya da ni. Idan watan nan ya mutu ba ki gan ni ba, kada ki taso nemana, kada ki aiko mijinki. Ki zauna inda kike, ki tafasa ruwanki, ki haifi ɗanki.

Ni ce innarki mai yi miki addu'a,
Laure.